Digiri na biyu a kimiyyar muhalli: inda karatun ya yi armashi da inda ya yi rauni

Shirin na shekara biyu ne, zango biyu na darussa, sauran lokacin kuma bincike. A ganina ɗakin gwaji da aikin fili ne suka ɗauki nauyin karatun, darussan ɗorewar ci gaba kuwa da sauran gyara.

A ɗakin gwaji ba a wasa. Gwajin BOD, wanda ke nuna yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa a gurɓataccen ruwa, ya isa misali. Za ka cika kwalba mai mililita 300 ba tare da kumfa ko ɗaya ba, ka auna oksijin, ka rufe ta a duhu kwana 5 a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, sannan ka sake aunawa. Idan oksijin bai ragu da miligiram 2 a lita ba, ko abin da ya saura bai kai miligiram 1 ba, sakamakon ya tashi a banza, sai ka canza yadda ka tsarma ruwan ka koma farko. Duhun ma da dalili: haske na sa gansakuka ta samar da oksijin ta ɓata lissafi. Samfurin da za a nemi dalma ko kadmiyom a cikinsa kuwa, tun a bakin ruwa ake ɗiga masa asid na nitrik har pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalba, na'ura ta nuna maka ƙasa da abin da ke akwai.

Darasin taswira da manhajar QGIS ma ya yi daɗi. Hoton tauraron ɗan'adam na Landsat mita 30 ne kowane ɗigo, na Sentinel-2 mita 10, don haka mai nazarin ƙananan gonaki ya san wanda zai ɗauko. Gajimare ne babban abokin gaba.

Raunin yana ɓangaren manufofi. An bi muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da Yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi sama-sama, kamar karatun jarida. Nazarin tasirin kaya a kan muhalli daga ƙira zuwa juji, bisa ƙa'idar ISO 14040, mako biyu kacal ya samu, alhali shi masu ɗaukar aiki ke tambaya. Lissafin ƙididdiga da manhajar R kuma an kawo shi a makare, bayan wasu sun riga sun tattara samfuri uku-uku da ba za su tabbatar da komai ba.

Na'urar auna ƙarafa guda ɗaya ce, layi kuma kan kai makonni. Ka rubuta sunanka tun kafin ka fita fili. Idan bincikenka ya haɗa da tambayar jama'a, nemi izinin kwamitin ɗa'a da wuri, domin ba kullum suke zama ba. Kafin ka zaɓi malamin da zai duba aikinka, tambayi ɗalibansa kwana nawa babi ke yi a teburinsa.