Ƙungiyar 'yan fansho ta unguwarmu: abin da aka tsara kafin azumi, da yadda na gan shi

An liƙa jadawalin watanni uku masu zuwa a ƙofar zauren da muke taruwa, kuma tun ranar ƙawayena da muka bar aiki tare suke bugo waya suna tambaya ko wurin ya kai mutum ya biya kuɗin Adaidaita Sahu ya je. Ya kai. Amma akwai gyara, kuma zan faɗe shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 35 na yi a asibitocin jihar Kano kafin na ajiye aiki, saboda haka idona ya fi kaifi a kan abin da ya shafi lafiya.

Ƙungiyar ta waɗanda suka yi ritaya ce: malaman makaranta, ma'aikatan ruwa da na lantarki, tsofaffin 'yan sanda, 'yan banki, har da dattawa biyu da suka yi aikin jirgin ƙasa. Muna aron zauren wata firamare kowace Asabar, daga ƙarfe goma na safe zuwa gab da azahar. Kuɗin wata naira 1,000 ne, daga ciki ake sayen shayi da ƙosai da ruwa, a biya mai shara, a yi hayar lasifika. Asabar ta farkon wata ita ce ta lacca. Sauran kuwa hira ce, da dara, da karatun jarida ga waɗanda idonsu ya yi rauni, da awon hawan jini wanda ni da wasu 'yan uwana biyu muke yi.

Laccar farko a kan fansho ce, kuma ita ce na fi so kowa ya halarta, musamman waɗanda saura musu shekara ɗaya ko biyu su bar aiki. Ko ba ɗan ƙungiya ba, an yarda ya zo ranar. Mai jawabin tsohon akanta ne daga cikinmu, ya taɓa yi mana irinta bara, kuma ya iya bayani da Hausa tsantsa, ba ya cakuɗa ta da Turancin ofis. Abin da ya fi amfanar da mu shi ne yadda ya raba mu gida uku tun da farko. Akwai 'yan tarayya na tsohon tsari, waɗanda hukumar PTAD ke biya tun kafa ta a 2013. Akwai 'yan sabon tsarin karo-karo da dokar 2004 ta kawo, aka sake ta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, hukumar PenCom na sa ido a kan kamfanonin da ke riƙe kuɗin. Sai mu 'yan jiha, da namu asusun daban a ƙarƙashin dokar Kano ta 2006. Kafin wannan bayani, sau da yawa za ka ji mutum biyu suna musu mai zafi a kan ariyas alhali ba ma tsari ɗaya suke ciki ba.

Bana zai mai da hankali a kan zaɓin da ke gaban ɗan sabon tsari ranar da ya yi ritaya: ko ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fansho ana tsakura masa wata-wata, abin da ya rage bayan rasuwa ya koma ga magada, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora da zai riƙa biyansa iya tsawon rai, da tabbacin shekara 10 ko da ya rasu kafin nan. Wanda ya zaɓi na farko yana iya komawa na biyu, amma wanda ya tafi inshora ba ya dawowa. Na san magidanta da suka sa hannu a kan takardar nan a tsaye, dillali na gefe yana gaggauta su. Awa ɗaya a zaurenmu da ta ishe su su yi shawara da iyalinsu. Ya kuma yi alkawarin karanto mana sashe na 173 da na 210 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda ya riga zuwa. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, wannan magana ba ta bar bakin tsofaffi ba, gara kowa ya ji abin da doka ta ce da kunnensa.

Ta biyu a kan wasiyya da gado ce, wani tsohon alƙalin kotun shari'a ne zai gabatar. Na yi murna da aka sa ta, don mu Hausawa muna jin nauyin wannan zance kamar ambatonsa shi ke kiran ajali. A aikin asibiti na ga abin da shiru ke haifarwa: mutum ya cika, ba wanda ya san bankinsa, ba wanda ya san inda takardar fili take, ga bashi ba a rubuce ba. Kowa ya ji cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne sunan da ma'aikaci ya rubuta a fayil ɗinsa a matsayin na kusa da shi ba ya mai da wannan mutum mai dukiyar. Wanda za a tuntuɓa ne kawai, rabo kuma yana nan yadda shari'a ta tsara, kuma sai da takardar kotu ake sakin kuɗin. Na roƙi sakatare ya bari a zo da matan aure da manyan 'ya'ya ranar, ya amince.

Ta uku za ta faɗo cikin Sha'aban: ciwon suga da azumi. An gayyato likita da malami a zama ɗaya, wanda shi ne daidai, don tsoho ba ya karya azumi da faɗar likita shi kaɗai. Ina fata likitan zai faɗi lambobin ƙarara, kada ya tsaya a "ku kula da kanku". Idan suga ya sauka ƙasa da 70 a na'urar awo, ko ya haura 300, ko mutum ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a karya azumi nan take. Masu allurar insulin da masu ciwon ƙoda su ga likitansu makonni kafin a ga wata, don a daidaita musu magani. Mu kuma a teburin awo za mu ci gaba da abin da muka saba: mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa, hannu a kan tebur, ba magana. Wanda muka samu 140 bisa 90 ko sama a Asabar biyu a jere, muna rubuta masa takarda ya kai asibiti. Ba ma ba da magani, kuma ba ma sayarwa.

Akwai ajin waya bayan kowace lacca, jikokin wasu daga cikinmu ke koyarwa. Daga yadda ake tabbatar wa PTAD cewa ana raye ta hoton fuska, zuwa dalilin da ya sa ba a karanta wa kowa lambar BVN ko lambobin da banki ya turo, komai daɗin bakin mai kira. Akwai kuma ziyarar Gidan Makama, ginin da ke tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Abin mamaki, akwai waɗanda aka haifa cikin birni suka tsufa ba su taɓa shiga ba. An so a je madatsar Tiga, aka ɗage saboda tsadar mota.

To ga gyaran. Na farko lokaci. Idan an gayyato babban baƙo, sai a zaunar da masu ciwon gwiwa da masu suga ana jiransa har sha ɗaya da rabi, ya zo kuma a ɓata rabin awa wajen gabatarwa da jinjina. A fara da ƙarfe goma, wanda ya makara ya tarar. Kujerun roba ne marasa hannu, wasu ma na yara, tashi daga kansu aiki ne ga mai shekara 70. Banɗaki na tsugunne ne, ba ƙarfen dafawa. Lasifikar tana ƙara, masu nauyin ji da ke baya ba sa kama rabin magana. Duk waɗannan ba su fi ƙarfin asusunmu ba idan aka rage shayin manyan baƙi.

Wanda ya fi damuna shi ne zaman mata. Muna can baya, kuma idan aka buɗe fagen tambaya hannuwan maza ake gani. Hajiyar da ke kusa da ni ta taɓa riƙe tambaya a kan fanshon mijinta marigayi har aka tashi, sai a bakin ƙofa ta raɗa min. Na kai shawara a riƙa raba takarda, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna, mai jawabi ya karanta ya amsa, sannan a ware mana kwata ɗin awa mu kaɗai da shi. Shugaba ya ce za a gwada a laccar gado. Sannan ina roƙon kada a sake ba mai tallan maganin gargajiya lasifika. An taɓa yi sau ɗaya, ya ce garinsa na raba mutum da hawan jini har abada, kuma na san wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda wannan magana.

Ina kuma ganin dokar shiga ta yi ƙunci. Sai mai takardar ritaya ake rubutawa. Tela da ɗan kasuwa da direba da suka tsufa ba su da fansho, amma hawan jini da gado da 'yan damfarar waya ba su bar su ba, zaman gida shiru kuma yana cin su kamar yadda yake cin mu. Za a kawo maganar a taron ƙarshen wata, ni dai ƙuri'ata a buɗe musu ƙofa take.

Mai niyyar zuwa laccar fansho ya taho da takardar barin aiki, da saƙon banki na biyan da aka yi masa na ƙarshe, da tabarau, da biro. Mai shan magani ya zo da kwalayensa a leda mu duba. Zuwan farko kyauta ne, sai mutum ya ga wurin ya yi masa sannan ya biya kuɗin wata.