Duhu iri biyu: Lustmord ko Thomas Köner, da wa za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka sunayen faifai biyu, Heresy na Lustmord da Permafrost na Thomas Köner, ka kunna su a waya, ba ka ji komai ba sai ƙugi kamar janaretan maƙwabta, babu ganga babu murya. Kana tambaya me mutane ke ji a ciki har suke kashe fitila su yi zugum na awa guda, kuma in za ka sake gwadawa, da wanne ya kamata ka fara.

Da farko dai wayar ce ta cuce ka. Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga wajen hez 20 zuwa 20,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), kuma nauyin waɗannan faifai yana can ƙasa-ƙasa, inda 'yar lasifikar waya ba ta iya sauka. Ƙurar ayari ka hango, raƙuman ba su iso ba tukuna. Nemi hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya, sannan mu yi magana.

Lustmord sunan aiki ne na Brian Williams, mutumin Wales a Birtaniya. Ya fara fitar da sauti da wannan suna a 1980, ya kuma yi zama da ƙungiyar SPK, masu kiɗan hayaniyar ƙarafa da injina. Heresy ya fito a 1990 a kamfanin Soleilmoon na Amurka, kashi shida ne. Kayan haɗinsa ba jita ba ne ba piyano ba. Ya shiga kogwanni, ramukan haƙar ma'adinai da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake ajiye gawa, ya naɗo yadda sauti ke kai da kawowa a cikinsu, ya haɗa da rugugin girgizar ƙasa da na dutse mai aman wuta, ya ja su, ya sauke su ƙasa har suka koma abin da ƙirji ke ji kafin kunne. Shi ya sa da yawa ke ɗaukar wannan faifai a matsayin tushen salon da ake kira dak ambiyan, wato kiɗan ƙugi mai duhu. Daga baya ya koma Los Angeles yana haɗa sautin finafinai, kuma duk wanda ya saurari Heresy ba zai yi mamakin hakan ba.

Köner Bajamushe ne, an haife shi a Bochum a 1965. Faifansa uku na farko, Nunatak Gongamur a 1990, Teimo a 1992 da Permafrost a 1993, duk kamfanin Barooni na Holan ne ya fitar. Shi bai shiga kogo ba. Abin aikinsa gong ne, faffaɗan faifan tagullan nan da ake ratayewa a doka. Sai dai maimakon ya doka, shafa shi yake yi, ya goga, ya kanga makirufo dab da ƙarfen, sannan ya rage saurin abin da ya naɗa. Bugun ya ɓace, saura jelar amon, tana tafiya ba ta ƙarewa. Sunayen ma sun isa su gaya maka inda hankalinsa yake: nunatak kalmar mutanen Inuwit ce, tsinin dutse da ya leƙo daga cikin ƙanƙara; Permafrost kuwa ƙasar da ke daskare shekara da shekaru ba ta narkewa.

To ga inda suka rabu, kuma nan ne amsarka take. Duhun Lustmord akwai wani abu a cikinsa. Kana zaune sai ka ji wani kuka daga nesa, kamar ƙaho kamar dabba, sai wata tsawa ta taso daga ƙasa ta wuce, sai shiru, kai kuma ka san shirun ba na lafiya ba ne. Kunnenka ya zama maigadi, jira yake yi. Ranar da na fara jin Heresy da daddare, sau biyu ina waiwayar ƙofa, alhali ni na sa mata sakata da hannuna. Duhun Köner kuwa babu kowa a ciki. Fili ne fetal, sanyi, ba mai zuwa ba mai tafiya. Minti biyar na farko za ka yi ta jiran abin ya fara. In ka haƙura, jiran zai gaji ya kwanta, daga nan ne za ka lura ƙugin da ka ɗauka ɗaya ne ashe uku ne ko huɗu, wani na kumbura wani na janyewa, akwai kuma wani siririn huci a sama da tun ɗazu yana nan ba ka kula ba.

Wannan lurar ita ake nufi da sauraro mai zurfi. Kalmar ta Pauline Oliveros ce, Ba'amurkiyar da ta shiga wani tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a Fort Worden, jihar Washington, a 1988, tare da abokan kiɗanta biyu, inda amsa-kuwwa ke ɗaukar daƙiƙa 45 kafin ta mutu. Abin da ta koyar shi ne ji daban, sauraro daban: ji yana zuwa da kansa, sauraro sai ka sa kanka. Ita ba 'yar wannan salo mai duhu ba ce, amma ma'auninta ya dace da su, kuma in an auna da shi, a ganina Köner ya fi. Tsoro yana ƙuntata kunne, ya sa shi neman abu ɗaya. Fili yana buɗe shi.

Ba wai na raina Heresy ba ne. Ta fuskar gini ya fi Permafrost faɗi da ban mamaki, kuma in kana da sifika mai bas na gaske, babu abin da Köner ya yi da zai kaɗa maka ciki kamar yadda shi zai yi. Masoyansa za su ce ai tsoron ma hanya ce ta tattara hankali, kuma ba su yi ƙarya ba. Aibinsa a wurina shi ne wani lokaci yana gaya maka abin da za ka ji, kamar sautin fim ɗin ban tsoro. Köner ba ya gaya maka komai, shi ya sa wasu ke cewa da shi da ƙarar firij duk ɗaya.

In duka biyun sun yi maka nauyi, faifan On Land na makaɗin Birtaniya Brian Eno, wanda ya fito a 1982, ya girme su, ya kuma fi su sauƙin shiga.

Saboda haka fara da Permafrost. Bari sai dare ya raba, ka kife wayar, kada ka ƙure ƙara, daidai yadda za ka iya jin numfashinka. Wani dare ina cikin saurarensa aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai na ji wani sabon ƙugi ya shigo ta hagu, mai kauri, yana tasowa a hankali. Na ce lallai mutumin nan gwani ne. Da na zare hedfon ɗin, ƙugin bai tsaya ba. Tirela ce can kan babban titi take hawan tudu, na zauna ina bin ta da kunne har ta ɓace, faifan na ta juyawa a kan cinyata.