Lemun tsami ko gwandar daji: wanne za a shuka don malam-buɗe-littafi?

Hajiya, kin ce kin tarar da wasu korayen tsutsotsi masu kauri suna cinye ganyen lemun tsamin da kika dasa a tsakar gidanki a Zariya, aka gaya miki su ne suke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya. Kina so ki riƙa ganinsa a gida amma ba kya so lemonki ya ƙare, shi ya sa kike tambaya ko ki ƙara lemun tsami, ko ki nemi itacen dajinmu kamar gwandar daji.

Wanda ya gaya miki ya yi gaskiya. Masana suna kiran wannan malam-buɗe-littafi Papilio demodocus, ana samunsa kusan ko'ina a Afirka kudu da Sahara, kuma in ya buɗe fukafukinsa faɗinsu yana kai kamar santimita 10. Sai dai akwai abin da nake so ki riƙe tun farko: itatuwan nan biyu ba baƙo ɗaya suke kira ba. Macen malam-buɗe-littafi ba ta ajiye ƙwai a kan kowane ganye. Sauka take yi ta taɓa ganyen da ƙafafunta na gaba, ta nan take gane ɗanɗanonsa, in ba na dangin da 'ya'yanta suke ci ba ne ta yi gaba. Wannan baƙi mai ɗigon rawaya dangin lemo yake nema. Ko ki cika gida da gwandar daji, tsutsar lemo ba za ta koma kanta ba, yunwa za ta kashe ta a kan ganyen. Gwandar daji nata baƙin daban ne, su ne dangin Graphium, 'yan gida ɗaya da na lemon amma ba su kai shi girma ba. Cikinsu akwai Graphium angolanus, fari da baƙi mai jaja-jaja a ƙarƙashin fiffike, wanda ake ganin mazansa da damina sun taru a kan jiƙaƙƙen yashi suna tsotsar danshi.

To mu ɗora su kusa da juna. Wajen sauƙin samu, lemun tsami ya yi wa gwandar daji fintinkau. Kowane mai sayar da dashe a bakin titi yana da shi, kuma ko ba ki saya ba, ƙwayar lemon da kika matse a kicin in kika tura ta a ƙasa mai danshi za ta tsiro cikin 'yan makonni. Gwandar daji kuwa da wuya ki same ta wurin masu dashe. Sai dai ki nemi 'ya'yanta da suka nuna, masu launin rawaya zuwa ruwan lemo, a sha, a ajiye ƙwayar. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, don haka a ɗan kankare shi ko a jiƙa ta kwana ɗaya kafin a shuka. Kada a aiki yaro ya tono ƙaramar bishiya daga daji. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, in aka katse ta yawanci dashen ba ya kamawa, an yi asarar ta daji kuma ba a samu ta gida ba. A shuka ƙwayar a inda ake so ta zauna, farkon damina.

Wajen ruwa kuma labarin ya juya. Lemun tsami asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake, kuma a ƙasarmu in rani ya yi nisa sai da ban ruwa, in ba haka ba ganye ya nannaɗe ya zube. Gwandar daji 'yar ƙasa ce. Shekarun farko tana tafiyar hawainiya, har mutum ya ɗauka ba ta girma, alhali ƙasa take yi wa aiki. Da ta kafu ba ta neman kowa ya ba ta ruwa. Tana zubar da ganye da rani, ta yi sabon toho gab da faɗuwar damina, kuma ko gobarar daji ta cinye ta tana sake fitowa daga gindi. Ga wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma abin da ya sa lemo ya fi wahala shi ne kuma ya sa ya fi tara baƙi: muddin ana ba shi ruwa yana fid da sabon ganye kusan duk shekara, ita kuwa macen sabon toho mai laushi take so. Gwandar daji harkarta ta damina ce.

Batun ɓarna shi ne ya fi damun ki, don haka bari in tsaya a kansa. Ƙwai ɗaya-ɗaya macen take ajiyewa, ɗan ƙarami zagayayye mai launin fari-rawaya, galibi a bakin sabon ganye. Cikin kwana 4 zuwa 6 yake ƙyanƙyashewa. Tsutsar tana ƙarama baƙa ce da ruwan ƙasa da fari a tsakiya, sak kashin tsuntsu, kuma da wannan kamar take tsira daga tsuntsaye. A wannan lokaci cinta kaɗan ne, ba ma za ki lura ba. Tana saɓa sau da yawa, sai a matakin ƙarshe, na biyar, ta koma koriya, ta kai wajen santimita 4 da rabi, kuma mafi yawan ganyen da za ta ci a rayuwarta a nan take cinye shi. In kika taɓa ta a baya za ta ɗaga kai ta fito da wani abu mai rassa biyu, launin lemo, daga bayan kanta, mai wari mai ƙarfi. Ba ta cizo, ba ta harbi, barazana ce kawai.

Babbar bishiyar lemo ba ta jin wannan ci, ko 'ya'yanta ba za su ragu ba. Ƙaramin dashe da bai kai ƙugu ba shi ne tsutsa biyu ko uku suke bari tsirara, shi ya sa masu renon dashe suke ɗaukarta abokiyar gaba, kuma ban ga laifinsu ba. Maganin a gida mai sauƙi ne. In kina da lemo mai aure da kika saya da tsada, ki rufe shi da tsohon gidan sauro har ya yi ƙarfi. A gefe ki shuka ƙwayar lemun tsami uku ko huɗu da ba ki sa ran 'ya'yansu, ki bar wa tsutsa. Wadda kika gani a kan na kirki ki tsinke ganyen da take kai ki ɗora a kan waɗancan. Gwandar daji ba ta da wannan fargaba, domin ba don kasuwa ake shuka ta ba, kuma ganyenta masu faɗi ne, cin tsutsa ba ya kayar da ita.

Akwai itace na uku da bai kamata in tsallake ba, domin shi ne ainihin amsar wanda yake son ɗan ƙasa kuma yana son wannan baƙi mai ɗigon rawaya: fasaƙwari. Dangin lemo ne, in kika murza ganyensa za ki ji ƙamshin yana kusa. Tun kafin lemo ya shigo Afirka, irin waɗannan itatuwa na dangin fasaƙwari su ne abincin tsutsar. Mu dai mun fi sanin saiwarsa da ɓawonsa a shimfiɗar masu maganin gargajiya, wanda ake taunawa don ciwon haƙori. Sai dai yana da ƙaya a jiki da rassa, bai dace da tsakar gidan da yara suke guje-guje ba, ya fi son inda ruwan sama ya fi namu yawa, kuma ƙwayarsa tana da wuyar tsiro. Wanda yake da gona ko babban fili a kudancin Kaduna ko Neja, ina roƙonsa ya gwada shi a jikin shinge, ko don yadda ake ta tonon saiwarsa a daji ba a mayarwa.

Ra'ayina ga gidanki, Hajiya: ki yi duka biyun, amma kowanne da aikinsa. Lemun tsamin ƙwaya shi zai ba ki abin da kike so a bana, gwandar daji ita ce ta shekaru masu zuwa, kuma ita na fi so ki ba wuri mai kyau inda rana take samu sosai. Lemo yana ko'ina a gari, gwandar daji kuwa kullum gine-gine da noma ƙara tura ta nesa suke yi, tare da duk abin da yake rayuwa a kanta.

Ko wanne kika zaɓa, feshi ne zai ɓata komai. Maganin ƙwari na kanti yana kashe tsutsar, haka ma ruwan dogon yaro da ake ganin ba shi da illa. Ki kuma sa 'yan furanni kusa, domin in sun zama malam-buɗe-littafi ruwan fure suke sha, ba ganye suke ci ba. In tsutsa ta ƙoshi za ki neme ta ki rasa. Ta koma wani reshe ne ko jikin bango, ta ɗaure ƙugunta da zare guda, ta daskare cikin ƙwanso kore ko ruwan ƙasa. Da damina mako biyu zuwa uku take yi ta fito, da rani kuwa tana iya daɗewa fiye da haka tana jiran danshi. Don haka kafin a sassabe rassan lemo ko a share jikin katanga da tsintsiya, ki ce a duba tukuna.