LTspice ko WEBENCH: wanne ya fi dacewa da mai ƙera na'urar rage wuta?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙera na'urar da za ta karɓi wutar batirin sola mai bolt 12 ta mayar da ita bolt 5 mai ɗaukar amfiya 2 domin cajin waya, an kuma ambata maka manhajoji biyu, LTspice da WEBENCH, amma ka rasa wadda za ka fara da ita, ga shi datarka ba ta da yawa. Na yi aiki da dukansu biyun, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake duka kyauta ne. WEBENCH tana zana maka da'irar ne ta miƙo maka, ita kuwa LTspice kai za ka zana taka, sannan ta nuna maka yadda wuta za ta gudana a cikinta.

Ta fuskar girkawa, WEBENCH ba a sauke ta. A shafin kamfanin Texas Instruments take, wanda ya gaje ta lokacin da ya sayi National Semiconductor a 2011, kuma abin da kake buƙata shi ne ka buɗe asusu a shafin, ka kuma kasance kana kan intanet tun daga farkon aikin har ƙarshensa. LTspice kuwa sau ɗaya za ka sauke ta daga shafin Analog Devices, kamfanin da ya haɗiye Linear Technology a 2017, daga nan ko babu sabis za ta yi maka aiki. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, tana hawa Windows da Mac, masu Linux kuma suna tafiyar da ita ta hanyar Wine, manhajar da ke ba su damar amfani da manhajojin Windows. Ina roƙonka ka sauke ta daga shafin kamfanin kai tsaye, domin babu dalilin karɓar kwafin da ba ka san asalinsa ba alhali masu ita suna bayar da ita kyauta.

Idan ka shiga WEBENCH, tambayoyi kaɗan za ta yi maka: mafi ƙanƙantar wutar da za ta shigo, mafi girmanta, wutar da kake so ta fita, da yawan amfiya. A nan kada ka rubuta bolt 12 kawai, saboda batirin da ake kira mai bolt 12 yakan kai kusan 14.4 idan sola na cajinsa da rana, yakan kuma sauka ƙasa da 12 idan ya sha aiki da dare. Ka rubuta 11 zuwa 15. Akwai kuma gurbin zafin wurin da na'urar za ta zauna, wanda ya kamata ka ɗaga shi zuwa digiri 45 ko 50, tun da akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba ɗaya yake da ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Cikin ɗan lokaci za ta jero maka zane-zane masu yawa, kowanne da jerin kayansa, da kiyasin kuɗinsa, da girman allon da zai ci, da kason wutar da za ta salwanta. Wannan babban sauƙi ne ga mai farawa. Sai dai aisi (IC), wato ɗan guntun da ke sarrafa wutar a da'irar, na Texas Instruments kaɗai za ta ba ka, kuma sau da yawa koyil da kapasitan da za ta zaɓa ba su ne za ka tarar a shagon da kake sayen kaya ba.

A daidai wannan gaɓar ce LTspice take nuna amfaninta. Tushenta shi ne SPICE, manhajar lissafin da'ira da aka fito da ita a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1973, kuma Mike Engelhardt, wanda ya rubuta LTspice, ya gina ta ne musamman domin irin waɗannan na'urori masu kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Bari in nuna maka da aikinka. Mu ɗauka za ka yi amfani da LM2596, aisin da ke kan ƙananan allunan rage wuta da suka cika kasuwa, wanda ke kunnawa da kashewa sau 150,000 a daƙiƙa kuma yake ɗaukar amfiya 3. Idan wutar da ke shigowa bolt 14.4 ce, koyil ɗin kuma maikrohenri 33, wutar da ke ratsa koyil ɗin za ta riƙa hawa da sauka da kimanin amfiya 0.66. Ka sa kapasita mai maikrofarad 220 a mafita, ka bar shi yadda manhajar ta kawo shi, sai ka ga layin bolt 5 ya miƙe sumul, rawarsa ba ta kai milibolt 3 ba. Yanzu ka danna kapasitan da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka rubuta masa turjiyar ciki ta om 0.1, irin wadda ake samu a kapasita mai araha, ka sake gwadawa. Rawar za ta tashi zuwa wajen milibolt 66, wato ta ninka fiye da sau ashirin, alhali lambar da ke jikin kapasitan ba ta canza ba. Duk wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ya fahimci dalilin da ya sa takardar bayanan aisi take nanata cewa a nemi kapasita mai ƙarancin turjiyar ciki.

Farashin wannan fahimta shi ne haƙuri, domin LTspice ba ta jan mutum da hannu. Idan ka manta alamar ƙasa (ground), wato wurin da ake ɗauka a matsayin bolt sifili, a zanenka, ba za ta yi lissafin ba sam. Harafin M kuma a wurinta kashi ɗaya cikin dubu yake nufi, ko babba ka rubuta ko ƙarami, saboda haka mai son rizista ta om miliyan goma sai ya rubuta 10Meg, in ya rubuta 10M ya sa wa da'irarsa abin da bai fi guntuwar waya ba. Ni kaina na ɓata yini guda a kan wannan kuskuren lokacin da nake koyo, ina ta canza kaya ina neman laifi inda babu shi. Haka nan 1F a wurinta ba farad ɗaya ba ne, wani ɗan mitsitsin adadi ne da ake kira femto. Idan ka wuce waɗannan, umarnin .tran zai nuna maka abin da ke faruwa daga lokacin da aka kunna wuta, .step kuma zai maimaita gwajin da ƙimomi daban-daban, misali bolt 11 da 13 da 15, ya ɗora sakamakon a kan juna. Idan ka riƙe maɓallin Alt ka danna wani ɓangare na da'irar, za ta nuna maka wat nawa yake ƙonawa, wanda da shi za ka san ko diyod ɗinka zai jure.

Matsala guda da ya kamata ka sani tun yanzu ita ce ma'ajiyar LTspice cike take da aisi na Analog Devices, ba za ka tarar da LM2596 a cikinta ba. Ana iya shigo da samfurin lissafi na wani kamfani da umarnin .include, amma idan kamfanin ya kulle fayil ɗin ba zai buɗu ba. Texas Instruments suna da tasu manhajar mai irin wannan aiki, PSpice for TI, wadda ta fito a 2020, sai dai ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma sai an yi rajista, don haka ba ita nake ba mai ƙarancin data shawara ba. Domin koyon yadda koyil da kapasita da diyod suke aiki tare, makunni na kwaikwayo da ke cikin LTspice ya wadatar a madadin aisin.

Shawarata ita ce ka girka LTspice, ita ce za ta zame maka wurin aiki na kullum. WEBENCH kuma ka shiga ta sau ɗaya ko biyu, ka sauke zanen da ta ba ka da jerin kayansa, ka tafi da shi kasuwa, sannan duk abin da ka samu a madadin wanda ta zaɓa ka zo ka sa ƙimarsa ta gaskiya a LTspice ka gani ko zai yi. Ka sani babu ɗayansu da za ta gane maka aisin jabu ko mummunan likin dalma. Saboda haka idan ka gama haɗa allon, kada ka fara jona wayarka. Ka sa rizista mai om 2.5 wadda za ta jure wat 10 da ɗoriya, ka bar ta na rabin awa, ka auna mafitar da mita, ka kuma duba zafin aisin da na diyod ɗin.