Ƙotar bindigar farauta: katako ko roba?

Duk wanda ya zauna a ɗaki mai ƙofar katako ya san halinta. A watan Agusta takan kumbura, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Hunturu na kamawa kuma ta motse har iska ta riƙa shigowa ta gefe. Abin da ke samun ƙofar nan shi ke samun ƙotar bindiga, wato jikin da bututu ke kwance a kai har zuwa gindin da ake dafawa a kafaɗa. Daga nan ya kamata mai shirin saye ya fara lissafi, tun kafin ƙyallin fenti ya ɗauke masa ido.

Katako yana shan danshi, yana kuma sakinsa. In ƙota ta kumbura ko ta ɗan karkace, sai ta matse bututun ta gefe guda, kuma matsin da ido ba ya gani ya isa ya kawar da harsashi daga inda aka nufa. Maharbi zai daidaita saitinsa a Janairu, ruwa ya sauka, ya tarar harbinsa na faɗawa gefe a mita 100, ya yi ta zargin madubin hange alhali aikin katako ne. Wannan ya fi damun mai bindigar harsashi guda mai dogon zango. Mai bindigar da ke watsa ƙwayoyi a kusa ba zai cika lura ba.

Duk da haka ina son katako, kuma ina da hujja. Mafi daraja shi ne icen wolnat, na Turkiyya da Faransa ko baƙin na Amurka, domin yana da ƙarfi ba tare da nauyi ya yi yawa ba. Ba ya ƙara idan reshe ya goge shi a daji, ba ya zafi a hannu kamar baƙar roba da ta sha ranar Afrilu, kuma yana karɓar gyara. In ya yi maka tsawo, kafinta mai hankali zai rage shi. In ya kurje, a goge a shafa mai ya dawo. Abin da za ka duba da kyau shi ne wuyan ƙotar, siririn wurin da hannu ke kamawa a bayan kunama, wato ƙarfen da yatsa ke ja a harba. Ɗaga ta zuwa haske ka bi jijiyar icen da ido. In ta tafi miƙe ta ratsa wuyan, madalla. In ta yanke shi a karkace, ajiye ta ko da zanenta ya kai na zanen amarya kyau, don a nan take tsagewa, musamman a manyan bindigogi irin .375 H&H masu dukan kafaɗa. Sai kuma ajiya: kada a jingine ta a ƙasan ɗakin da gara ke yawo.

Roba ba baƙuwa ba ce. Tun 1959 kamfanin Remington ya fito da bindigar Nylon 66 mai jikin roba, kuma kamfanin McMillan na Amurka yana ƙera ƙotar faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki, tun shekarun 1970. Ruwa ba ya shigarta, bushewar hunturu ba ta dame ta ba, saitin da ka yi da rani shi za ka tarar da damina. Amma a nan mutane ke ruɗuwa, suna ɗauka duk abin da aka kira roba ɗaya ne. Akwai ta faiba, wadda ake shimfiɗawa hawa-hawa, wani lokaci da ƙarfen alminiyam a ciki inda injin bindigar ke zama. Tana da tauri, tana kuma da tsada, har takan fi katako na talaka kuɗi. Akwai kuma wadda ake narkawa a zuba a mazubi, ita ce a kan yawancin bindigogi masu araha. Wasunsu na da kyau, wasu kuwa holoƙo ne: suna ƙara kamar bokiti, suna lanƙwasa in ka jingina su a kan dutse ko sanda, kuma rashin nauyinsu na sa kafaɗa ta sha duka.

Gwajin ba ya buƙatar masani. Ɗauki takardar kuɗi ka zura ta tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta baya. A bindigar da aka ƙera don bututunta ya zauna ba tare da taɓa komai ba, takardar za ta wuce sumul. Sannan ka kama gaban ƙotar ka matse shi zuwa bututun da yatsu biyu. In ya taɓa cikin sauƙi, to wannan robar ba ta fi katako riƙe saiti ba.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba: siraran fallayen katako da aka manne da gam aka matse. Jamusawa sun yi amfani da irinta a kan bindigarsu ta soja Mauser K98k a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana jure danshi sosai, sai dai ta fi sauran nauyi, kuma wanda ke wuni yana tafiya a ƙafa zai ji ta a kafaɗarsa kafin la'asar.

Da ni ne mai shiga fadama da raɓar asuba, ina ɗaura bindiga a babur, faiba mai tauri zan saya, in kuɗi bai kai ba in ɗauki mai fallaye. Wanda farautarsa ta rani ce kawai, yana da busasshen wurin ajiya da haƙurin shafa mai har cikin kwarmin da bututu ke kwance, wolnat zai yi masa shekaru. Kowacce ka zaɓa, dafa ta a kafaɗa da rigar da kake shiga daji da ita, ka ga ko yatsanka ya kai kunama ba tare da miƙa wuya ba. Kuma a fara da takarda: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba lasisi, don haka lasisin za ka nema kafin ka taya kowace.