Shekara biyu a ajin girki da kula da baƙi

Kwanan nan na kammala difloma, wato ND, a fannin kula da otal da girke-girke a wata kwaleji a nan Bauchi. Ƙanwar ƙawata na ta tambayata ko ta cike wannan kwas ɗin, to ga abin da na gani.

Ban shiga don ina so ba, gurbin da na samu ke nan. A gida har tsiya ake mini, wai an biya kuɗin makaranta don a koya mini tuƙa tuwo. Malamar girkinmu ce ta juya mini tunani. Ba ta tsayawa a bakin ƙofa tana nuni da baki. Rigar kicin take sakawa, ta wanke hannu a gabanmu, ta ɗauki wuƙa ta fara yankan albasa kafin kowa. Ranar da miyar madara da fulawa ta kama mini a gindin tukunya, na zaci zan sha faɗa a gaban 'yan aji. Sai ta miƙo mini cokali ta ce, "Ɗanɗana, 'yata, ki gaya mini inda kika kuskure." Wuta ta yi yawa, kuma na tsaya hira na bar juyawa. Ta sa na sake, tana tsaye a gefena har ta yi sumul.

Kuma duk dokar da ta kafa sai ta faɗi dalili. A wurinta na san cewa tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a abinci, shi ya sa ba a barin dafaffiyar shinkafa ta wuni a kan tebur, balle a zafin Afrilu na garin nan. Ta taɓa tura mu Kasuwar Muda Lawal mu tambayo farashin shinkafa, mai da kabewa, mu lissafa nawa farantin masa da miyar taushe zai tsaya wa otal. Lissafin da na tsana tun sakandare, ranar na ga amfaninsa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai malamin da ke koyar da aikin tarbar baƙi, shi dai ya zauna ya yi ta karanto tsohuwar takarda muna kwafa. Ka yi tambaya, ya ce a duba littafi. Na ci jarrabawarsa, amma da na je SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata huɗu a wani otal, ko waya ban iya amsawa yadda ya kamata ba, sai da wata ma'aikaciya ta koya mini.

Kayan aiki ma sai haƙuri. Gas kan ƙare ana tsakiyar girki, kuma kusan duk mako sai mun yi karo-karo na kuɗin cefane.

Na ce wa ƙanwar ƙawar tawa ta cike, amma ta tanadi kuɗin cefanen nan daban, kuma ranar girki ta yi sammako ta kama murhun da ke kusa da Malama.