Shafin jami'a ya nuna kore, amma CAPS babu sakamakon yarinya

Shafin neman gurbin karatu na jami'ar da 'yata ta zaɓa, wata jami'ar tarayya a nan Arewa, da farko ya burge ni ƙwarai. Kana shigar da lambar rajistar JAMB sai sunan yarinya da makinta da kwas ɗin da ta nema su fito da kansu. Ka latsa wurin biyan kuɗin tantancewa, ya ba ka RRR, wato lambar biyan kuɗi mai lamba 12, ka biya ta Remita a wayarka ko a banki, ka dawo ka tabbatar, fom ya buɗe. Babu bin layi, babu neman wanda ya san wani a ofis. Duk uban da ya taɓa tsayuwar sayen kati a banki shekarun baya ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abu guda ne ya ɓata min rai, amma ya isa ya cinye wa yaro shekara guda cur. A cikin fom ɗin akwai wurin ɗora sakamakon WAEC ko NECO: ka zaɓi darussa, ka sa abin da aka ci a kowanne, ka sa lambar jarrabawa da shekara, ka ɗora hoton takardar. Kana gamawa sai koren rubutu ya fito cewa an kammala, ka fitar da takardarka. Ko layi ɗaya babu, a shafin ko a takardar, da ya gaya maka cewa sakamakon nan a wurin jami'ar kaɗai ya tsaya. Gurbi kuwa ba a nan ake yanke shi ba. Tun 2017 JAMB ta mayar da harkar kan CAPS, wato shafinta na bayar da gurbin karatu: jami'a ta gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibi ya karɓa da hannunsa. In babu sakamakon sakandare a CAPS, ba za a duba yaro ba ko da ya ci 300 cikin 400.

Waɗanda abin ya fi ci su ne yaran da suka yi rajistar JAMB suna aji shida, sakamakonsu bai fito ba, aka yi musu rajista a matsayin masu jiran sakamako. Yawancin yaranmu ke nan. Sakamako ya fito, uba ya kai kafe (shagon intanet) aka ɗora a shafin jami'a, ya ga kore, ya koma gida yana jiran albishir. Jerin farko ya fita, na biyu ya fita, yaran da ba su kai naka maki ba ana ta yi musu barka, kai kana zargin son kai, alhali sunan ɗanka bai ma shiga layin ba. Wallahi wannan ya yi min ciwo, domin jimla ɗaya da jan rubutu a ƙarƙashin wancan koren ta isa ta raba gardama. Su da suka tsara shafin sun san haka sarai.

Gyaran ba shi da wuya in an farga da wuri. Ka shiga shafin JAMB da imel da lambar sirrin da aka yi wa yaro rajista da su, ka zaɓi shekarar jarrabawa, ka shiga wurin duba gurbi, daga nan ka wuce CAPS. In da waya kake, ka latsa ɗigo ukun nan na saman Chrome ka mayar da shafin irin na kwamfuta, in ba haka ba gaisuwar maraba kawai za ka gani ka zaci babu komai. A jerin da ke gefen hagu akwai "My O'Level". Latsa shi. In ka ga darussa da abin da aka ci, Alhamdu lillahi. In wayam ne, ko AR (ana jiran sakamako) ka gani, to ba a ɗora ba. Shi kuma wannan ba a gida ake yin sa ba, ba kuma kowane kafe ba: sai ofishin JAMB na jiharku ko cibiyar CBT, wato ta jarrabawa da kwamfuta, da hukumar ta amince da ita. Ku tafi da yaron da takardar sakamakon. Kafin ku bar wurin, ka sake buɗe CAPS a wayarka ka karanta darasi bayan darasi, domin kuskuren hannu ɗaya ya mayar da C6 zuwa D7 a Lissafi ya rushe kiredit biyar ɗin da ake nema.

Da na dawo na sake kallon shafin jami'ar da idon wanda aka riga aka ƙona, sai sauran aibobinsa suka yi ta fitowa. Sanarwar bara tana nan a sama babu kwanan wata, ta bana tana can ƙasa cikin wani fayil. Makin shiga na jami'a gaba ɗaya suka rubuta, ba su faɗi na kowane kwas ba, sai uba ya ga ɗansa ya haura ya ɗauka likitanci ya samu. Ba su yi bayanin yadda suke haɗa makin JAMB da na tantancewa ba, balle rabon da jami'o'in tarayya ke bi: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Lambar wayar da suka sa ta neman taimako kuwa, sai ta yi ta ƙara har ta tsinke.

Saboda haka yabon da na fara da shi na rage shi. Shafin yana da kyau wurin karɓar kuɗi da ba da ranar tantancewa, iyakarsa ke nan. Ba zan ce a guje shi ba tunda babu wata ƙofar, amma kada uba ya jingina da shi.

Iyaye 'yan uwana, ku riƙe layin wayar da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 lokacin rajistar JAMB, kada ya ɓata ko a rufe shi, ku rubuta imel da lambar sirri a littafi maimakon barin su hannun mai kafe. Ku riƙa leƙa CAPS duk mako. In jami'a ta ga yaro bai kai kwas ɗin da ya nema ba tana son mayar da shi wani, a "Transfer Approval" za ta aiko, kuma sai yaron ya amince sannan a ci gaba. In gurbi ya fito, ku zauna da shi ku karanta sunan kwas ɗin da kyau kafin a latsa karɓa, don da zarar an karɓa an rufe ƙofar wani tayin. Wanda kuma ya ce zai samo muku gurbi ta bayan fage ba tare da ya fito a CAPS ba, ku rabu da shi, sunan yaron ba zai hau jerin ɗaliban da JAMB ta amince da gurbinsu ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa matsalar za ta taso.